Akuyar Luba Ta Kai Ni Tawa

Tun da na dawo daga Tawa ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai, a gidan suna, har mai kayan miyan bakin layinmu a Runjin Sambo sai da ya tsayar da ni, wai an ce na tafi Nijar karanta tatsuniya, yaya can ɗin? Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi. To ga shi nan gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Ni malamar 'yan aji huɗu ce a wata firamare, sunana Nana. Duk ranar Alhamis, in an kusa tashi, nakan karanta wa yara wani labari da nake rubutawa a littafin rubutu mai bango shuɗi. Labarin na shekara ɗari ne nan gaba. Gulbin Rima ya ƙafe ya zama hanyar yashi. Zafi ya kori mutanen Sakkwato zuwa ƙarƙashin ƙasa, suna zaune cikin manyan ramuka, ba abin da ke leƙowa sama sai hasumiyoyin masallatai. Wani tsohon aljanin iska ne ya tattara hadarin duniya ya ɗure a gora, ya gudu da shi arewa. Sai wata yarinya 'yar Ƙofar Atiku mai suna Luba ta fita nemansa, ita da jar akuyarta Gwaggo, wadda ke magana, kuma take jin ƙamshin ruwa daga tafiyar kwana uku.

Anti Rifkatu, malamar kimiyyarmu, ita ta jawo mini wannan tafiya. 'Yar Zuru ce amma a Sakkwato aka haife ta, ta girme ni da kusan shekara goma. Ita ce ke naɗar muryata a waya in ina karantawa, ta tura wa ƙawayenta. Daga waya zuwa waya har murya ta kai hannun wata malama a Tawa, Madam Zainabu, ta riƙa kunna wa ɗalibanta. Sun ji babi huɗu na farko, har inda Luba ta fito daga rami ta fuskanci arewa. Wata rana sai ga kiranta, wai yara sun hana ta sakat, in zo da kaina in karanta musu saura. Na ce to, ban yi tunani ba. Ina da babi na biyar da na shida. Na ƙarshe kuwa ko layi ɗaya babu, wata biyu ina zaune gaban takarda ba abin da ya fito.

Maigidana bai so ba da farko, saboda halin hanya. Da ya ji da Anti Rifkatu za mu, kuma da rana za mu yi tafiyar duka, sai ya ce Allah shi kiyaye. Muka tashi ranar Alhamis, cikin hutun bazara, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa da hantsi.

Motar Illela ta mutum shida ce, aka zuba mu takwas. Ni da Anti da wani dattijo mai fataucin albasa muka matsu a baya, da wata mata mai kwandon zabi a cinya. Na buɗe littafina a gwiwa, niyyata kafin mu kai iyaka na samo ƙarshe. Ina! Kowane rami muka faɗa sai biro ya ja layi har ƙasan shafi. Mun wuce Gwadabawa kaɗan taya ta fashe, muka fito muka tsaya a inuwar wata aduwa da ba ta ishi mutum biyu ba.

Dattijon ya ga ina ta rubutu ina gogewa, ya ce, "Ɗiyata, lissahi ya ƙi ne?"

Na ce a'a Baba, labarin yara ne, na lokacin da ruwa zai ƙare.

Ya juya yana kallon direba na fama da jak. Can ya ce, "Igiyar gugan da mahaihina ya bar mani, sau biyu ina ƙara mata tsawo. Ki sa wannan a ciki."

Na rubuta a gefen shafi. Anti Rifkatu ta leƙo ta ce, "Kin gani? Shi ne nake gaya miki. Ruwa ba aljani ya sace shi ba, kuma ba fasa gora zai dawo da shi ba." Wannan gardama tamu ta daɗe. Ni so nake Luba ta fasa gorar, sama ta ɓarke da ruwa, yara su yi tafi. Ita kuwa ta ce in na yi haka na koya musu su zauna su jira mai fasa gora. Na ce Anti tatsuniya ce fa, ba darasin kimiyya ba. Ta ce to me ya hana ki rubutawa? Sai na juya ina kallon zabi.

Daga Illela kabu-kabu muka hau, wato acaɓa, zuwa Ƙonni. A ɓangarenmu na iyaka ba a tsayar da mu da yawa ba. A ɓangarensu ne wani jandarma dogo, siriri, ya ce a buɗe jakunkuna. Ya ɗaga zannuwa, ya shinshina kilishin da na riƙo na tsaraba, sannan ya ɗauki littafin shuɗi. Na manta shaf cewa a shafin tsakiya akwai taswirar da 'yan ajina suka zana. Ga Sakkwato, ga kibiyoyi sun nufi arewa sun tsallake iyaka, an rubuta "hanyar ƙarƙashin ƙasa" a wani wuri, a can sama kuma an yi jan gicciye an sa "nan aka ɓoye".

Ya dube ni, ya dubi taswira. Ya ce, "Madam, mi anka ɓoye nan?"

Na ce, "Hadari."

Kun san yadda kalmar take. Ni gajimare nake nufi, shi kuwa kunnensa wani abu ya ji. Nan take ya kira wani, aka shigar da mu wata rumfar kwano, aka ce mu zauna. Anti Rifkatu ta fara bayani da Turanci, shi yana mayar mata da Faransanci, ba mai jin wani. Zufa na bin bayana, ina tunanin abin da zan gaya wa maigida. Daga ƙarshe na ce ranka shi daɗe, ka bari in karanta maka shafi ɗaya. Na buɗe inda Gwaggo akuya ke yi wa Luba faɗa don ta zubar da ruwan alwala a ƙasa. Na karanta da muryar akuyar, yadda nake yi a aji, don tsoro ya sa na manta in canza. Jandarma na biyun ya fara dariya, ya juya baya. Dogon bai yi dariya ba, ya ce, "To gorar, sun same ta?"

Na ce ban sani ba tukuna.

"Ke kinka rubuta, kuma ba ki sani ba?" Ya girgiza kai kamar ya ga abin tausayi, ya miƙo mini littafin, ya ce mu tafi.

A Ƙonni muka sha fura mai sanyi, muka sayi burodinsu dogo mai kama da sanda, wanda Anti ta ce in ba a ci ba ana iya kashe maciji da shi. Babbar motar Tawa, wadda suke kira kar, ta fi tamu tsari nesa ba kusa ba: kowa da kujerarsa, kuma in lokaci ya yi tashi take ko ba ta cika ba. Wannan ya ba ni mamaki har na kusa rasa ta, ina can ina zaɓen dabino. Hausarsu kuwa ba ta ba ni wahala ba. Ta fi kusa da tamu a kan ta Kano, sai dai sun cusa mata Faransanci. Makaranta lakwal ce, malami mushe, littafin rubutu kaye. Wata mata a kusa da ni ta tambaye ni ko ina da bik, na yi ta kallonta, ashe biron da ke hannuna take nufi.

Muka isa kafin magariba. Madam Zainabu ta tarye mu a tasha, gajeriya, mai saurin tafiya da saurin magana, ta rungume ni kamar mun shekara da sanin juna. Gidanta ɗaki biyu ne da tsakar gida mai bishiyar dogon yaro ɗaya. Ta ba mu ɗakinta ita ta koma na 'ya'yanta. Da na ce zan yi wanka, ta kawo mini ruwa rabin bokiti da wani babban baho, ta ce in tsaya cikin bahon in yi. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce ruwan da ya taru a zuba wa bishiya. Mu ma a Runjin Sambo muna sayen ruwa wurin 'yan garuwa, muna kukan tsada, amma ban taɓa tunanin in tare ruwan da ya sauka daga jikina ba. Anti Rifkatu ta fito daga nata wankan ɗauke da baho tana cewa yau ta ga wadda ta fi ta kimiyya.

Aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, sai shayi zagaye uku da cuku, wato busasshen nono mai tauri da ake jiƙawa a shayin. Na ciji nawa tun bai jiƙa ba, haƙorina ya amsa har kwanya.

Ranar Juma'a ban fita ba. Na zauna gindin bishiyar tun safe, in rubuta in yage. Na sa Luba ta fasa gora, na karanta, na ji kamar tuwo ba gishiri a miya. Na sa aljanin ya tuba ya buɗe da kansa, ya fi muni. In tashi in zagaya tsakar gida in dawo. Madam Zainabu ta ce ko zazzaɓi nake ji, na ce a'a. Ban gaya mata gaskiya ba. Na yanke cewa gobe zan karanta babi biyun da nake da su a hankali, in ja lokaci, in ce rana ta yi, sauran zan turo ta waya.

Ranar Asabar da hantsi aka tara yaran a farfajiyar lakwal, ƙarƙashin wata rumfar zana. Sun fi ajina yawa sau uku, har da iyaye mata a baya. Da Madam ta ce ga mai Gwaggo, wurin ya ɗauki ihu. Wasu sun haddace maganganun akuyar, suna faɗa mini su. Wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji ba, har na manta da damuwata.

Na fara babi na biyar. Luba da Gwaggo sun tsallake tsohuwar iyaka sun shiga arewa. Ga abin da na rubuta, ban canza ko kalma ba: "Daga nan babu kowa. Ba gari, ba gona, ba hayaƙin girki. Sai ƙasusuwan shanu da rusassun katangu, da iska mai kuka cikin gidajen da masu su suka daɗe da ƙarewa."

Na ci gaba kusan shafi guda kafin in lura wurin ya yi tsit, ba irin tsit ɗin jin daɗi ba. Sai wata yarinya a layi na biyu ta miƙe. Ba za ta wuce shekara goma sha ɗaya ba, baƙa, doguwa, da kallabi ja. Ba ta ɗaga hannu ba.

Ta ce, "Madam, wanga wuri da ba kowa, nan ne?"

Na ce, "Labari ne, ɗiyata."

"Awo, na sani. Amma arewa da Ƙonni mu ne. Ku kun shiga rami kun tsira. Mu ina munka tahi?"

Madam Zainabu ta ce, "Hadizatu, zamna!" Yarinyar ba ta zauna ba, kuma ba rashin kunya a fuskarta, amsa kawai take jira. Na dubi littafin, na dubi yaran. Sau nawa na karanta wannan shafi a gida, ban taɓa ganin abin da ke cikinsa ba. Ina bukatar wuri mai ban tsoro da Luba za ta ratsa, sai na share mutanen ƙasa guda da biro, ban ko ji ba. Yanzu ga su zaune gabana, sun yi wanka sun sa kayansu masu kyau sun zo jin yadda aka yi da su.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na nemi Anti Rifkatu da ido, ta sunkuyar da kai, don ita ma ta karanta shafin ba ta ce komai ba.

Na rufe littafin. Na ce, "Hadizatu, ban sani ba. Ban yi tunaninku ba sa'ad da nake rubutawa. Kuskurena ne." Muryata na rawa. Tunda na fara faɗin gaskiya sai na ƙarasa, na ce musu ƙarshen labarin ma ban da shi, na zo ne hannu wofi.

Wasu yaran suka yi gunaguni, wani ƙarami ya fara kuka wai shi Gwaggo yake so. Taron ya watse ba daɗi. Madam Zainabu ta yi ta ba ni haƙuri, wai yarinyar haka take, bakinta ba linzami. Na ce Madam, ni ya kamata in ba da haƙuri.

Muna shirin fita sai ga Hadizatu a bakin ƙofar lakwal. Ta ce kakarta na aiki a bayan gari, in ina so ta kai ni in ga ko sun ƙare. Madam ta harare ta, ni kuwa na ce mu je.

Bayan la'asar muka hau amalanken jaki, ni da Anti da Madam da ita. Wurin wani fako ne, ƙasa ja mai tauri kamar daɓe, wadda ko ciyawa ba ta fitowa. Mata sun kai ashirin, kowace da diga ko shebur, suna haƙa ramuka masu siffar rabin wata, bakin kowanne na kallon tudu. An jera su ɗaya bayan ɗaya har inda ido ya tsaya. Kakar, Inna Habsu, tsohuwa ce ƙanƙanuwa da hannuwa kamar itace. Hadizatu ta ba ta labarin abin da ya faru da safe, ba ta rage komai ba, har da yadda muryata ta yi rawa.

Tsohuwar ta yi dariya har ta dafa digarta. Ta ce, "To ke ɗiyar Sakkwato, kin kashe mu tun ba mu mutu ba?"

Na ce Inna ki yafe mini.

Ta ce ba komai, ai ba ni na fara ba. Ta ja ni zuwa ɗaya gefen fakon, inda suka haƙa shekarun baya. Can ga 'yan itatuwa sun kai ƙugu, ga kututturan hatsin bara a cikin kowane rabin wata. Ta ce in ruwa ya sauka a fako gudu yake, ba ya tsayawa gaisuwa. Ramin ne ke tare shi ya zaunar da shi, a zuba taki, ƙasa ta yi laushi. "Ruwan kaɗan ne, gaskiya. Wata shekara ma shi yi mana rowa. Amma wanda ya zo, ba mu barin shi shi wuce."

Anti Rifkatu ta durƙusa tana tona ƙasar da yatsa, tana jera tambayoyi, zurfin nawa, tazarar nawa. Ni kuwa Inna Habsu ta miƙo mini diga ta ce in gwada. Na ɗaga na sara. Digar ta yi tsalle ta dawo, kafaɗata ta amsa, ƙasa ko gezau. Matan suka kwashe da dariya. Na sake, na sake. A sara na biyar ne wani ɗan ɓarɓashi ya ɓalle, tafin hannuna kuma ya yi bororo. Hadizatu ta karɓa ta nuna mini yadda ake sakin nauyin digar ta faɗa da kanta. Sara uku ta yi ta fi ni.

A hanyar dawowa ba wanda ya yi maganar gora, ni da Anti. Ina riƙe da hannuna mai zafi, kaina na ta kai da kawo. Na ga Luba ta iso wani gari a arewa, mai itatuwa, mutanensa ba su taɓa shiga rami ba. Na ga Gwaggo tana atishawa don ƙamshin ruwa ya yi mata yawa. Ban san yadda za a ƙare da aljanin ba, har yau da nake wannan rubutu ban gama yanke shawara ba. Amma babi na biyar na san ya mutu, a amalanken nan na ja masa layi daga sama har ƙasa.

Ranar Lahadi wata maƙwabciyar Madam ta raka Anti Rifkatu coci da sassafe, tana dawowa muka nufi tasha. Madam ta cika mana jaka da cuku da dabino. Mun shiga kar ɗin mun zauna, direba ya tayar da inji, sai na ji ana buga gilashin gefena. Hadizatu ce, tana haki, da alama da gudu ta zo. Na zuge gilashin.

Ta ce, "Madam, za ki sa mu ciki?"

Na ce in sha Allahu, har da ke da Inna.

Ta ɗan yi tunani. Mota ta fara motsi, ta biyo ta da sauri tana riƙe da bakin taga.

"To kada ki sa ina kuka. Kuma digar, ni ka riƙe ta, ba Luba ba. Ita ba ta iya ba."

Na ce na ji. Ta saki tagar ta tsaya, ba ta ɗaga hannu ba, ta juya ta kama hanyar gida.

Makon da aka koma makaranta na karanta wa 'yan ajina sabon babi na biyar. Da muka kai inda wata doguwar yarinya mai jan kallabi ta karɓe diga daga hannun Luba ta ce mata matsa ki gani, ajin ya ɗauki hayaniya, wai wace ce wannan da za ta raina musu Luba. Na bar su suka yi ta yi. Da suka lafa na ce sunanta Hadizatu, 'yar Tawa ce, kuma gaskiya ta faɗa, don ni ma ban iya ba. Na buɗe tafin hannuna na nuna musu tabon.